Keken Kishingiɗa a Ɗa'ifa

Juma'a, bayan sallame Asuba,
sanyin Ɗa'ifa na cizon kunne kamar mai bin bashi.
Mu tara ne a bakin gidan mai,
wani satin bakwai, in mura ta kayar da biyu.
Kowa ya sauko da nasa daga bayan mota:
kujera mai jingina, taku ɗaya daga kwalta,
ƙafa a gaba, ƙeya a baya,
da jar tuta a kan tsinke
don kada tirela ta taka mu ba ta sani ba.

Shekara ashirin da shida ina durƙushe,
ina shimfiɗa tayil a gidajen da ban taɓa kwana ciki ba.
Bayana ya riƙe lissafin kowane ɗaki.
Ran da likita ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila
ya ce, "Jazuli, sunkuyo ya ƙare maka,"
na zaci har da tafiya yake nufi.

Awad ne ya ja ni, Basudane mai haɗa magani.
Ya ce, "Zo ka ga keken da ake tuƙawa a kishingiɗe."
Na yi dariya har bayan ya tuna mini da kansa.

Yanzu ga mu a jere kamar agwagi sun nufi rafi.
Misfir a gaba, tsohon malamin lissafi,
yana ƙirga mu a kowace kwana, bai yarda da idonsa ba.
Ukasha a ƙarshe, a kan mai ƙafa uku,
tun da ɓarin hagu ya daina jin maganarsa.
A Makka aka haife shi.
Hausarsa ta kaka ce, guntu-guntu:
"sannu", "ina gajiya", da zagi biyu masu kyau
da yake ajiye wa hawan dutse.

Yara a bayan a-kori-kura suna nuna mu:
ga tsofaffi sun kwanta suna gudu!
Mu ɗaga musu safar hannu.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji mutanenmu,
sauran karin maganar mun bar shi a gida.

A hanyar Shafa gajimare ya sauko ya zauna a titi.
Tutar gabana ta ɓace, sai kukan sarƙa,
sai numfashin mutum takwas yana fita fari.
Gonakin wardi an aske su ƙwal,
ƙirare tsirara cikin raɓa,
ba za ka ce turare na kwana a cikinsu ba.

Misfir ya ƙirga: takwas.
Ya sake: takwas.
Ba wanda ya ce uffan, muka juya.
Muka tarar da Ukasha a gefen hanya, sarƙa ta zame,
wani ƙaton biri zaune a kan dutse
yana cin gurasar da muka yi karo-karo muka saya.
Zagin nan biyu duk ya kashe su a kansa.
Yatsuna sun ƙage, amma sun san aiki.
Ban durƙusa ba. Awad ya ɗaga keken, na gyara a tsaye.

Shayi kawai muka sha a saman, da wake ba gurasa,
kofi na zagayawa, kowa na ɗumama tafinsa kafin leɓe.

A gangara ne abin yake zuwa mini.
Ƙafa ta huta, iska ta shiga hannun riga,
gajimaren ya yage daga gabas,
ni kuwa fuskata sama take kallo, haka kujerar ta so.
Rabin rayuwa ina duban ƙasa,
ina neman inda layi ya karkace.
Nan babu layi.
Shaho ɗaya, da shuɗin da ba a auna shi da igiya ba.

Daga baya na ji Ukasha, da muryar kakarsa:
"Jazuli! Ina gajiya?"
Na ce babu.
Ƙarya ce, amma kaɗan.