Maɗori a Kujerar Likita

Shekara arba'in ina ɗori a Aliero.
An kawo mini cinyar ɗan acaɓa naɗe a tabarma,
an kawo kafaɗar wanda ya faɗo daga kan giginya,
na ja, na daidaita, na jera kara, na ɗaure,
na ce a dawo ranar Laraba.
Ƙashi bai taɓa yi mini gardama ba
sai wanda ke cikin bakina.

Ba rana ɗaya suka tafi ba.
Turmin hagu ne ya fara, cikin lomar tuwo mai laushi,
na tsince shi kamar tsakuwa a shinkafa.
Sai na gaba suka kama rawa,
asuwaki na fitowa da jini kowace asuba.
Asibiti suka ce suga ne. Kulu ta ce goro ne.
Na tara bakwai a gwangwanin madara,
daga nan na bar ƙirga.

Ba nama ne ya fi ci mini rai ba,
ko da yake Layya uku na yi ina shan romo.
Tofi ne.
Na duƙa kan karaya zan karanta,
sin ta fito da iska kamar hujin buta,
yaron da ke ihu don zafi ya tsaya, ya yi dariya.
Tun ranar nake karatu a zuci,
rawani ya hau daga haɓa zuwa hanci.

Kulu ta sayar da albasarta, rudu biyu,
tun kasuwa ba ta tashi ba,
ta haɗa da bijimin da mijinta ke turke.
"Baba, tashi mu tai Birni."

Likita Zayyanu sa'an autana ne.
Ya ɗaga hoton muƙamuƙina ga fitila,
karo na farko da na ga ƙashi ba da yatsa ba.
Ya ce, kusa huɗu sama, huɗu ƙasa,
na baya a karkace, don nan ƙashin ya zaizaye,
a kansu jerin haƙora zai zauna gaba ɗaya
kamar azara bisa ginshiƙi.
Na ce, ƙarfe baƙo ne, ƙashi ba ya saukar baƙo.
Ya ce, wannan yana saukarsa, har ya rungume shi,
amma sai suga ya kwanta,
sai kuma ka ba shi wata huɗu.

Na yi dariya da bakin da babu kowa.
Maganar da nake faɗa wa mutane ke nan
su ƙi ji.

Kuma ban ji ba.
Sati na uku, kumburi ya saɓe, kunu ya gundure ni,
Kulu ta kama ni da gyaɗa uku a aljihu.
Ta ce, "Kai ka koya mini dashen albasa.
Wa ke tone shi ya duba saiwa?"

Yanzu suna nan.
Na ce a rage musu haske, kada a ce na ari bakin ango.
Ba sa jin sanyin randa, ba sa jin tsamin tsamiya,
da dare ina wanke ƙarƙashinsu da ɗan buroshi
kamar mai kiwon dabbar wani.

Jiya aka kawo Luba, jikar maƙera, da hannu a reto.
Na ja, na daidaita, na sauke rawani,
na karanta a bayyane.
Sin ta fito siririya, a tsaye.
Yarinyar ba ta lura ba, kukanta take yi.

Da yamma na sayi rake a tasha,
na tuna an hana ni,
na miƙa wa Modi ya sha ina kallo.
Gwangwanin yana nan saman ƙofa.
Har yau ban san ko binne su ake yi ba.