Daren Da Na Kashe Talatin Da Bakwai

A Valparaíso, hawa na uku, daura da tashar jirgin ruwa,
akwai ɗakin da sanyinsa ke cizon ƙashi.
Shekara sha tara ina shigarsa da rigar ulu,
ko a Janairu, da gari ke tsiyayar gumi.

Na'ura talatin da bakwai, kowace da hidimarta:
wannan ta albashi, waccan ta takardun kwastan,
ta lungu tana ƙirga akwatunan inabi masu tafiya Shanghai.
Kowace na shan wuta kamar wadda ta nome gandu,
alhali rabin yini hamma take yi.
Na san tarin kowace. Na san mai fushi ran Litinin.

Sai Ximena Oyarzún, mai riƙe da lissafi,
ta hau bene da takardar lantarki a hannu.
Ba ta zauna ba.
Ta ce, "Eleuterio, jaki talatin da bakwai muke ciyarwa,
kayan kuwa bai cika mangala uku ba."
Na ce da tsohuwar zuma ake magani.
Ta ce ita ba ta ga zuma ba, harbin kawai take biya.

Wata huɗu muna kwashe su.
Ƙarfe uku aka kawo, baƙaƙe, marasa surutu,
kowane gida ne mai ɗakuna da yawa.
Na'ura ta tuɓe gangar jikinta, ta shiga haya,
tana zaton har yanzu ita kaɗai ce a duniya.
In ta albashi ta ji yunwa a ƙarshen wata,
a yago mata daga rabon mai barci.
Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya,
kuma daga kujerata nake rabon.

Da, in an buɗe reshe a Curicó,
sai mako shida: a yi oda, a jira, a ɗauka, a ɗaura waya.
Ranar nan Fabián, yaron da nake koya wa,
ya tayar da sabuwa kafin shayina ya huce.
Na yi masa murmushi. Cikina bai yi ba.

Daren kashewa ni kaɗai na tsaya.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa,
fanka ta yi ajiyar zuciya, koriyar fitila ta rufe ido.
Da na kai ta ƙarshe
sai na ji abin da ban taɓa ji a ɗakin ba:
ƙarar agogon hannuna.

A watan Yuli ƙasa ta girgiza, kamar yadda ta saba.
Bututu ya fashe, ruwa ya sauka kan ɗaya cikin ukun.
Da can, da mun kwana uku da kyandir da addu'a.
Amma gida biyu maganin gobara:
kwafin komai na kwance a Santiago.
Ƙarfe shida na safe manyan motoci suka shiga tasha,
ba direban da ya san an yi wani abu.

Kuɗin wuta ya faɗi ƙasa da rabi.
Ximena ta turo min takardar, ba ko kalma,
sai da'irar jan biro kewaye da lambar.
Ban ba ta amsa ba. Na liƙa ta a bango.

Da aka janye dogayen akwatunan ƙarfe,
ashe akwai taga a bayansu, an toshe da kwali.
Fabián ya ɓamɓare.
Shekara sha tara, teku na nan taku biyar da ni,
da jirgi ja yana fita da inabinmu.
Na cire rigar ulu.
Har yau ban san inda zan rataye ta ba.