Mai Gida

Mahaifina Haru mai haƙar rijiya ne.
Gaba tara ya sauka a bayan Birni,
dagi ya yi ƙara, ya tofo wuta,
ya ɗaga kai ya ce wa masu igiya:
"Ku ja ni. Mun iske mai gida."

Haka yake kiran dutsen.
Mu duka baƙi ne, in ji shi, har da ganuwa.

A lakwal Mushe Kanta ya aza ɓalli bisa tebur,
ja-ja, da ɗigon baƙi, da wani farin ido mai ƙyalli.
Ya ce can cikin cikin ƙasa wannan ya dahu,
ya huce shi kaɗai, ba mai fifita,
yana ɗauke da tsaunukan da shaho
zai gaji bai ga ƙoƙuwarsu ba.
Muka yi dariya. To suna ina?
Ya ce: ku kakkaɓe takalmanku.

Ranar na koma gida ina taka tsaunuka.

Abin da ya saura
turame ne a bakin tsoho,
wani kan wani, kamar yaro ya jera ya manta.
Rana ta gasa, dare ya daskarar,
dutse ya yi saɓa, ɓawo bayan ɓawo.
Gwaggo Tsahara ba ta jiran wannan.
Tsohuwar taya take cinna wa wuta a kan fa,
da safe ta bi tsaga da guduma,
ta sayar da shekara dubu a baro guda.

Ruwan sama yana zuwa, ya gaisa, ya wuce.
Kwarmi ya riƙe wa awaki na kwana uku.
Namu kuwa daga nesa yake rarrafowa cikin bututu,
ƴan garuwa suna yi masa layi tun asuba.

Yanzu baba ba ya sauka.
Bayan magariba yakan jingina da dutsen bayan gidanmu
don ɗumin da ya ɓoye ya sassauta masa kwankwaso.
Na faɗa masa shekarunsa, miliyan ɗari-ɗari.
Ya shafa shi kamar wuyan rago.
"Ya hana ni ruwa shekara arba'in," ya ce,
"ga shi yana ba ni rana da dare.
Matsa can, kana tare mini wurin."