Abin da Na Rubuta Ranar Taro

Bayan la'asar, ranar Asabar,
muka taru ƙofar gidan mai unguwa a Kurna.
Ni aka miƙa wa biro da littafi,
wai na yi sakandare, hannuna bai karkace ba.

Kansila ya aiko cewa akwai kuɗi,
amma gajeren mayafi ne:
ka rufe kai, ƙafa ta kwana waje.
Ku zaɓa, in ji shi, titi ko asibitin sha-ka-tafi.

Tasi'u mai A-daidaita-sahu
bai jira an shafa fatiha ba.
Ya ce, damina uku, tayoyi tara,
abin da na samo tun asuba
bakanike ke karɓewa da magariba.
Alhaji Barau ya gyara hula, ya ce gaskiya ne,
baƙo da titi yake fara gaisawa.
Na rubuta. Ban rubuta cewa siminti yake sayarwa ba.

Daga cikin soro muryar Iya Lantana ta fito,
ungozoma ce, rabin masu zaman nan
ita ta yanke musu cibi.
Ta ce, gado biyu ne a asibitinku,
ɗaya a kan bulo yake tsaye.
Da fitilar waya nake karɓar haihuwa.
Ku shimfiɗa kwalta har bakin ɗakina,
kwalta ba ta tsayar da jini.

Malam Inusa ya tuna mana ajinsa,
yara ɗari da ashirin,
rufin kwano iska ta kai shi Rijiyar Lemo bara.
Aka ce, Malam, ba ka cikin zaɓi.
Wani ya ambaci rijiyar burtsatse.
Sabitu ɗan garuwa ya sunkuyar da kai
yana wasa da tsinke a ƙasa.
Ƙishirwarmu ce tuwonsa, wa zai ga laifinsa?

Sai Tasi'u ya kira sunan Uwani.

Ya ce, ni na ɗauko ta daren nan.
Laka ta riƙe mu gaban masallaci,
muna turi, ruwa na dukanmu,
kafin mu ga fitilun asibitin birni
ta daina kiran sunan kowa.
Da titi, da tana raye.

Iya ta ce, da akwai allura ɗaya a nan,
da ba ka ɗauke ta ba.

Suka kama sunan, kowa da bakin igiyarsa,
ja nan, ja can,
har Ɗanjuma, mijinta,
wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba,
ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu.
Ya ce, ku bar ta ta huta.
Ya bi gefen kwata, ya tafi.
Nan ma biro ya tsaya mini.

Aka ce a ɗaga hannu.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
lissafi ya fi mutane yawa,
don akwai waɗanda suka ɗaga sau biyu,
kuma ban ce sun yi ƙarya ba.

Muna cikin haka ƙasa ta yi rawa.
Tifa ce, ta shigo da baya,
ta juye tsakuwa a bakin layi,
ƙura ta rufe mai unguwa har rawani.
Direba ya leƙo da takarda,
an sa mata hannu tun ranar Talata.

Ashe tuwon ya riga ya kwana a tukunya,
mu aka kira mu hura wuta.

Yara suka haye tulin suna ihu.
Ladan ya yi gyaran murya.
Iya Lantana ta fito tana duba cajin wayarta,
akwai mai naƙuda a layin baya.

Mai unguwa ya ce, rufe littafi.
Na rubuta, an tashi lafiya.
Ɗigon farko na hadarin gabas
ya sauka daidai kan lafiya,
tawada ta bazu.