Abin da Iska Ke Ci

Duk ranar Laraba nakan goya Baba Datti a babur
daga ƙauyenmu zuwa asibitin Jahun,
a auna masa jini, a ƙulla masa ƙwayoyi a farar leda.
Yana bayana, gemunsa na susar kafaɗata,
bakinsa na motsi tun daga fadama har kan kwalta,
ni kuwa ba na tsintar komai sai wutsiyar kalma.
Iska ke cinye tuwon, ta bar min ƙanzo.
In ce, "Na'am?" ya ce, "Duba gabanka."
Damina biyu muna haka.

Ran Lahadi na sayar da ɗan akuya a Gujungu,
na ratsa layin masu tattasai zuwa rumfar Hambali mai kayan babur.
Ya zazzage min kwali uku a kan benci.

"Wannan ba ta da igiya," in ji shi,
"tana kai magana nisan kilomita guda."
Na ce, "Me zan yi da kilomita, Hambali?
Wanda nake son ji, ko taƙi ɗaya babu tsakaninmu."

"To ga mai rediyo, tana amsa kiran waya,
mutum shida sa yi hira a cikinta."
Mu biyu ne, kuma ɗayanmu ba ya son hayaniya.
Ga zancen caji:
garinmu ba mu da wuta sai ta walƙiya,
sai shagon Ɗan'azumi, shi ma ranar da babu hadari.

Ta ukun ba ta da kyan gani.
Baƙar igiya, batir irin na tocila,
maɓalli ɗaya mai faɗin kwabo
wanda yatsan tsoho ba zai lalube shi sau biyu ba,
da ɗan soso a baki mai tare iska.
Na maƙala ta a hular kwano,
yaron shago ya koma bayana ya yi raɗa
a tsakiyar kukan injin niƙa,
na ji shi tar, har da ƙarar gyaɗar da yake tauna.
Muka ja ciniki har la'asar ta sunkuya.

A gida Baba ya juya hular, ya ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen tulu.
"Bayan furfura sai kifa tukunya a kai?"
Da kyar ya yarda, bisa sharaɗin hularsa ta zauna a aljihun gaba.

Laraba ta zo.
Da farko numfashinsa kawai nake ji,
mai ɗan kurman tari a ƙasansa.
Muna karya kwanar rijiya sai muryar ta shigo kunnena,
ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba:

"Mati, barka da kwana. Yaranka sun yi maimai, geron ya tashi.
Barau, kukar gonarka ta faɗi, ba laifin kowa.
Malam Jatau, Allah ya kai haske."

Babu ɗaya cikinsu da ban sa hannu a makararsa ba.

Da muka zo daidai tsamiyar maƙabarta
ya ce, "Kande, ga ni a bayan autanki.
Tuƙinsa da hankali.
Ya sayar da akuyarsa, yana zaton ban ƙirga garke ba."

Yatsana ya kai kan maɓalli,
kunya ta kama ni kamar mai laɓe a bayan darni.

"Bar ta a kunne, Ubale," ya ce.
"Ai kuɗinka ka biya.
Riƙe sunayen, da gonar kowa.
Akwai Larabar da za ka bi hanyar nan
bayanka ba nauyi."

Na sassauta totur.
Wata motar shanu ta wuce mu, ta watsa mana ruwan kwata.
Ya ce, "Wancan gawon na Tanimu ne."
Na ce, "Tanimu."
Ya ce, "Da ƙarfi. Kunnensa ɗaya ne tun yana raye."