Minti Uku a Taron Aboabo

Sun kafa rumfa a filin makaranta,
kujerun roba, aro daga gidan suna.
Na rufe tukunyar koko da wuri,
na bar wa Sherifatu sauran ƙosai,
na zo da takalmin da ruwa ya rage mini.

Injiniya Afriyie ta ɗaga taswira.
Yarinya ce mai natsuwa, ba ta raina kowa ba.
Ta yi da Turanci, ta yi da Tonanci,
Gariba tela yana juya mana.
Ta ce Kumasi a da lambu ce,
mutum ya yi yawon wuni
rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba.
Na gyaɗa kai, na tarar da wutsiyar zamanin:
akwai wani mangwaro a bayan masallaci
inda yanzu ake facin taya.

Ta shafa kore a bakin rafi,
nan itatuwa, nan benci, nan hanyar keke.
Na miƙa wuya, na ƙanƙance ido
ina neman ɗakina a cikin koren.
Ban gan shi ba.

Aka buɗe fili, kowa minti uku.
Direban trotro ya ce ramuka sun cinye masa ribar shekara.
Liman ya ce tsafta cikon addini ce,
aka ce haka ne, aka tsotse ruwan leda,
aka tura ƙarƙashin kujera.
Wani saurayi mai tabarau ya ce a hana, a hana,
lokacinsa ya ƙare bai faɗi me ba.

Abin magana ya iso hannuna
da ɗumin tafin mutane a jikinsa.
Na zo ne in ba su labarin bangona:
duk shekarar da ruwa ya shigo
nakan ja layi da gawayi.
Na farko yana idon sawu,
na shekarar haihuwar Muniru yana gwiwa,
na bara ya kai inda nake ɗaura zane.
In faɗa musu warin katifa a kwana na huɗu,
da yadda littattafan jikata suka koma kunu.

Ina ɗaga ido sai ga rafin ta bayan katanga.
Ba ruwa ake gani ba, leda ce,
ta kwanta kamar garke.
Kuma na san wasunsu.
Na san ƙullin: murɗa biyu, a soke kai ta ƙasa.
Ba mai ƙulla leda haka a Aboabo sai ni.
Ɗari biyu kowace safiya, shekara goma sha tara.
Ban yi boko ba,
amma lissafin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Na ce: ni ce Zuwera mai koko.
Ruwan da ya shiga ɗakina, da hannuna a ciki.
Amma ku nuna mini inda motar shara take,
rabonmu da ita tun kafin azumi.
Kuma kafin ku dasa itace inda nake kwana
ku tambaye ni inda zan kwana.
Aka tafa.
Mai agogo ya ce saura minti ɗaya,
na ce ya ajiye mini, zan dawo in karɓa.
Injiniya ta rubuta wani abu. Ban san me ba.

Da dare na jawo kwandon ƙarƙashin gado:
ƙoƙuna goma sha ɗaya na marigayiya Inna,
biyu sun tsage.
Da asuba na jera su a kan tebur.
Awudu makanike ya ce, sauri nake, zuba a leda.
Na ce zauna ka sha, garejin ba ya gudu.
Ya zauna yana gunaguni.
Mutum uku suka zarce wajen Abiba.
Sherifatu tana wanke ƙoƙo tana hararata.

Can ta wajen Asawase hadari ya fara haɗuwa.
Gawayina yana nan kan taga.