Mita Goma Sha Tara

Daga tagar kicin ɗinmu a Sheffield
ana jin ƙararrawar makarantar kan tudu.
Shekara huɗu Tamsin na cin burodi da ƙarar nan a kunne,
ta san ƙarfe tara tun kafin ta iya ɗaure takalmi.
Ƙofar makarantar ja ce. Ta zana ta ba adadi,
ta manna a jikin firji, ta ce: tawa.

Ranar rabon gurabe, a tsakiyar Afrilu,
ni da Glenys muka sa waya a gaba kamar masu jinya.
Shayi ya huce, aka sake dafawa, ya sake hucewa.
Da saƙon ya shigo, gajere ne, mai ladabi,
wai suna farin cikin sanar da mu.
Sunan da ya biyo baya
ba ya cikin ukun da muka rubuta.

Ashe da miƙaƙƙen layi ake awo,
daga bakin ƙofarka zuwa bakin tasu,
layin da ba ruwansa da kwana, ba ruwansa da hawa,
yana ratsa bango da lambu da ɗakin barcin mutane.
Yaron ƙarshe da aka ɗauka: mita ɗari huɗu da sha biyu.
Mu: ɗari huɗu da talatin da ɗaya.

Da dare na fita na auna da ƙafa.
Taku ashirin da biyar
daga kwandon shararmu zuwa gidan Rhodri mai gyaran famfo.
Ɗansa ya samu.
Da safe na taya shi murna;
hannu ya yi, baki ya yi, ciki bai yi ba.

Na san wanda ya kama hayar ɗaki don adireshi kawai,
ko labule bai rataya ba.
Na san waɗanda suka tuna hanyar coci
ranar da ɗansu ya fara rarrafe,
kowace Lahadi suna sa hannu a littafi.
Ban ga laifinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ni dai na yi zaton jin ƙararrawa ya isa shaida.

Muka ɗaukaka ƙara.
Mutum uku a bayan tebur, da ruwa a kofi ba mai sha.
Na ce ina tuƙa motar asibiti da dare,
Glenys na shiga aiki ƙarfe bakwai,
gwiwar kakar yarinya ba ta hawa bas.
Suka gyaɗa kai, har ɗayar ta rubuta.
Aji kujera talatin ne, in ji su,
doka ba ta san talatin da ɗaya ba.

A jerin masu jira mu ne na bakwai.
A Yuni muka zama na biyar, na sayo kek.
A Yuli na takwas: wasu sun tare kusa da tudu.
Ban taɓa sanin layi na tafiya da baya ba.

Satumba ta zo da rigar sanyi koriya, ba ja ba,
da bas biyu, da fita kafin fitilun titi su mutu.
Tamsin na hawa bene, ta kama kujerar gaba,
tana tuƙa mu da hannu biyu har tasha.
Rana ta uku ta dawo da labari:
akwai kunkuru a ajinsu, Zofia ta yi wawulo,
kuma malama ta iya kiran sunanta daidai.

Yanzu a jikin firji akwai sabon zane, ƙofa koriya.
Tsohon na ƙarƙashinsa. Ita ta manta, ni ban cire ba.
In na dawo aiki gidan shiru,
na cire takalmi, na ɗora buta a wuta.
Ƙarfe tara na cika, tudu ya kaɗa ƙararrawarsa,
sai in miƙe in rufe taga,
in kwanta.